Ɗan Kunnen Sa'adatu

Ku da kuke shigowa shagona da waya a hannu, kuna kallon inji yana yanka haruffa, kuna cewa ai wannan latsawa ce kawai, ku nake yi wa wannan rubutu. Da kwamfutar da kuke rainawa nake rubuta shi, da yatsa biyu, don ban taɓa zama a aji ba. A kan madannai na san haruffan boko, ɗaya bayan ɗaya, bayan furfura ta fara fito mini. Saboda haka ku karanta a hankali, yadda na rubuta.

Sana'ata yankan sitika ce a nan Lolo, bakin ruwa, inda ake tsallakawa Benin. Sunan shago, rubutun bayan mota, lambar babur, sunan jirgin ruwa, duk ta hannuna suke bi. Kafin wannan zanen ƙwarya nake yi da ƙarfe mai zafi, kamar yadda uwata ta yi. Mai zanen ƙwarya ba ta da hanyar gogewa. In ƙarfe ya kauce, ƙwaryar ta tashi daga ta amarya ta koma ta awon gero. Da wannan idon na shigo aikin inji.

Malam Idirisu, mutumin Malanbil ta ƙasar Benin, shi ya kama hayar zauren gidana bayan rasuwar maigidana. Ya zo da tsohuwar kwamfuta, da batir, da injin yanka mai tsawon faɗin tabarma. Ina zaune a bakin ƙofa da ƙoraina ina kallonsa. Injin yana yanka daidai, amma in Malam ya zo ɓare abin da ba a so daga jikin harafi, sai ya yage wutsiyar wani, ya cire cikin wani, don idonsa ya fara rauni. Na daure iyakar yadda zan iya, sannan na gaya masa ɓarna yake yi. Bai ji haushi ba. Ya miƙo mini allurar ɓara ya ce in nuna masa. Tun daga ranar ban koma wa ƙwarya ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai allura mai mariƙi, akwai wuƙar injin wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, akwai tef da ake ɗaukar haruffa da shi, da tsohon kati na murzawa don kada iska ta shiga ƙarƙashi. Akwai kuma biro da ake iya ɗaurawa a gurbin wuƙa, injin ya yi zane a takarda maimakon yanka. A lokacin, teloli kawai Malam yake yi wa amfani da shi, in suna son zanen wuyan riga. Ku riƙe maganar biron nan, za mu dawo kanta.

Kwamfutar ba irin wayarku ba ce mai hotuna. Baƙin allo ne, da ɗan haske mai ƙiftawa yana jiran a yi masa magana. Malam da kansa ya haɗa shirin da ke tuƙa injin, ya sa masa suna yanka. Sai ka rubuta yanka, ka bar fili, ka rubuta abin da kake so, ka danna babban madanni, wuƙa ta kama aiki.

Aikin farko da ya bar ni na rubuta da hannuna na wata mai ƙyafa kifi ne, tana son allo a bakin rumfarta. Na rubuta yanka Gidan Kifi, na danna. Injin ya yanka Gidan, ya tsaya. Kifin bai fito ba. Malam ya zaunar da ni ya ce tsakanina da shirin akwai mai tsaron ƙofa, kamar masu kaki na bakin ruwa. Duk abin da na rubuta, shi yake fara karɓa ya bincika kafin ya miƙa ciki. In ya ga fili tsakanin kalma da kalma, sai ya ɗauka kaya biyu ne na mutum biyu, shirin kuwa kaya ɗaya yake karɓa. In ana son su wuce tare, sai an ɗaure su a buhu ɗaya. Buhun shi ne 'yan ƙananan alamun nan masu tsayawa a saman layi bibbiyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, haka: yanka "Gidan Kifi". Mai tsaron ƙofa ya kwance buhun ya ajiye gefe, ya miƙa kayan. Shi ya sa alamun ba sa fitowa a jikin sitika.

Ni na sa musu sunayen da kuke jin ina kira. Masu bibbiyun nan tagwaye. Guda ɗayan da ke rataye a sama, ɗan kunne. Layin da ya jingina baya kamar tsoho ya gaji, sanda. Malam ya yi ta dariya, daga baya shi ma da su yake kira.

Bara wani telan garin Matsinkai ya aiko da sunan shagonsa ta waya, ɗaya daga cikinku ya kwafo shi yadda yake ya zuba a baƙin allo, ya ce mini ai ga tagwaye nan gaba da baya. Na ce ya matso da ido. Tagwayen waya lanƙwasassu ne, na kwamfuta miƙaƙƙu. Mai tsaron ƙofa bai san lanƙwasassu a matsayin buhu ba, kaya yake ɗaukarsu. Da an danna, da injin ya yanka alamar tare da kalmar farko, ya watsar da sauran. Haka ma ƙafar kazar da mutanen ƙetare suke so a gefen sunayensu, irin wannan « », kaya ce ba buhu ba, kuma ba ta kan madannanmu, sai an ɗauko ta daga inda Malam ya adana. Yanzu duk na san wannan. A shekarar da aka rufe iyaka, rabinsa kawai na sani.

Ana gab da rufewar Malam ya tsallaka gida neman maganin ido. Ya ce ba zai daɗe ba. Ya dafa injin ya ce amana ce ya bar mini, kuma abu ɗaya zai ja mini kunne a kai: in yana cikin aiki, kada in kashe shi ko da me. Ya tafi, hanya ta rufe a bayansa. Layin wayarsa na nan ƙasar ne, ƙauyensu kuma can bayan Malanbil, ko an kira ba ya shiga.

Shekarar ta yi wa kowa nauyi. Motoci suka daina zuwa, masu shaguna suka daina yin allo, fetur ya zama abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Sitika daga ƙetare take zuwa mana, ita ma ta yanke. Na yi ta tsimi har ya rage mini farar sitika guntu ɗaya, wadda za ta isa aiki ɗaya in ba a yi kuskure ba.

Ita Hamani ya zo nema. Hamani mai jirgin fito ne, ɗan ƙawata Sa'adatu wadda ta rasu kafin damina. Tare da ita muka yi 'yanmatanci, kuma ta ƙare rayuwarta tana kai busasshen kifi ƙetare tana dawowa. Ya sassaƙa sabon jirgi tun kafin a rufe hanya, ya ce ko babu fasinja ba zai sa shi a ruwa ba sai da sunan uwarsa a jiki. Na ce ya san guntu ɗaya ya rage. Ya ce shi ya sa ya yi sammako kafin wani mai babur ya riga shi.

Na ɗaura sitikar, na daidaita wuƙa. Kalma ɗaya ce, babu fili a ciki, kuma abin da aka koya mini shi ne fili ke sa a ɗaure buhu. Na rubuta yanka Sa'adatu, na danna.

Wuƙa ba ta motsa ba. A ƙasan layin wata alama ta fito kamar bakin tsuntsu, haka >, hasken yana ƙiftawa a gabanta. Na sake dannawa, wani bakin tsuntsun ya fito. Na sake, wani ya fito. Ban taɓa ganin haka ba. Na ce wa Hamani ya je ya dawo da la'asar. Da la'asar yana nan yadda na bar shi.

To ga inda na tsaya. Injin bai ce ya gama ba, ke nan yana cikin aiki. An kuma ce mini in yana cikin aiki kada in kashe shi. Wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, batir kuma ba ya kaiwa ko'ina. Sai na shiga ciyar da kwamfuta kamar mai jinya. Mama Ngozi mai kemis, maƙwabciyata, ta ja waya daga solarta ta ratso ta katanga ta ba ni, alhali firjin maganinta yana buƙata. Ita ta yi makaranta, ta ce bari ta gwada, ta rubuta masa kalmomin Turanci na a tsaya da na neman taimako. Kowace kalma ya haɗiye ya buɗe sabon baki. Ta ɗaga hannu ta ce ita magani ta sani, ba za ta ƙara taɓa kayan mutum ba. In rana ta yi sanyi sai in tayar da ɗan janareto. Hamani ya kawo fetur ɗin da ya tanada wa injin jirginsa. Masunta suka riƙa ajiye mini na kwalba a bakin ƙofa a ɓoye.

Labari ya zaga kasuwa. Matan kifi in sun wuce sai su leƙo su gaishe ni da mai jiki, wata ta tambaya ko ya ɗan ci abinci, wata ta ce a gwada masa hayaƙi. Na ce in sun gama, ƙofar da suka shigo tana nan. Wata safiya da babu kowa, na zauna gabansa na rubuta masa don Allah. Ya haɗiye wannan ma.

Rufe iyaka bai raba masunta da ruwa ba, kuma Hamani yana da dangin uwa a ɗaya gaɓar. Shi ya ce zai bi su ya nemo Malam. Ya so ya ɗauki hoton allon a waya, na ce mutumin da ya tafi neman ido za ka kai wa hoto? Na zaunar da shi na ba shi saƙon da baki: abin da na rubuta, da inda ɗan kunne yake, da bakin tsuntsu, da cewa sitika tana ɗaure kuma ita ce ta ƙarshe. Na sa ya maimaita har ya daina tuntuɓe.

"Inna, ni fa magidanci ne, da 'ya'ya huɗu," in ji shi.

"Uwarka ma haka take aikenka, kuma gishiri kake kawowa in an ce kanwa. Sake faɗi."

Da ya dawo, tun daga bakin zaure yake magana, ko takalmi bai cire ba. Ya ce ya ga Malam, ya ce injin lafiyarsa lau, in danna ɗan kunne guda in danna babban madanni, shi ke nan. Yatsana har ya hau kan ɗan kunnen. Sai na dubi Hamani, na ga yadda yake haki da murna, na janye hannuna. Na san Malam, ba ya fara magana daga ƙarshe. Na ce ya zauna, ya sha ruwa, ya faɗo mini saƙon tun daga sallama, yadda aka ba shi.

Ya sosa ƙeya. Ya ce to, da farko Malam ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya ce kafin in taɓa komai in cire sitikar daga inji. In kwance wuƙa in ɗaura biro, in sa takarda. Bayan nan ne zan ba ɗan kunne ɗan'uwansa. Domin shi ma ɗan kunne bakin buhu ne a wurin mai tsaron ƙofa. Da ya gan shi a tsakiyar sunan sai ya ɗauka na buɗe buhu, ya tsaya yana jira in ɗaure, kuma duk abin da aka zuba masa tun ranar yana cikin buhun nan.

Kallon Hamani kawai na yi, ya sunkuyar da kai.

Na cire sitikar na naɗe ta na ajiye nesa. Na yanko takardar buhun siminti na shimfiɗa, na ɗaura biro. Na danna ɗan kunne, na danna babba. Injin da ya yi kwanaki kamar gawa ya zabura. Ya rubuta Saadatu, babu ɗan kunne, don mai tsaron ƙofa ya riƙe shi a matsayin buhu. Ya gangara ƙasa ya rubuta Turancin Mama Ngozi layi bayan layi. Can ƙasa ya rubuta don Allah. Mama Ngozi da ta leƙo ta katanga ta karanta da ƙarfi, ta tambayi wa ya roƙi inji. Na ce ta kula da firjinta. Da wuƙa ce a ɗaure, duk wannan a jikin sitikar Hamani zai hau.

Sauran saƙon mai sauƙi ne: in sa sunan cikin tagwaye, ɗan kunne zai wuce a matsayin kaya. Na juya takardar na gwada da biro, sunan ya fito cikakke. Ina shirin ɗauko sitika sai Hamani ya yi gyaran murya. Ya ce a ƙetare ya ga manyan jirage, sunayensu duk da 'yan tagwayen nan gaba da baya, yana son na uwarsa ma ya fito haka, kada a ce jirgin talaka ne. Na tambaye shi ko ya gaya wa Malam wannan. Ya ce a hanyar dawowa ya tuna.

Ga tagwaye su ne buhu, ga shi ana son su wuce a matsayin kaya. Na gwada ninka su, biyu gaba biyu baya. Bakin tsuntsu ya sake fitowa. Wannan karon ban nemi fetur ba, na rufe masa da ɗan kunne, biro ya yi shirmensa a takarda. Na zauna ina kallon madannai. Sai na tuna wata rana da Malam yake wani aiki yana magana shi kaɗai, yana cewa mai sayar da buhuna in ta zo bakin ruwa dole ta nuna wa masu kaki cewa waɗannan hajarta ce, ba mazubi ba. Yana faɗa yatsansa yana kan sanda. Ban tambaye shi ba a lokacin, amma na ga inda yatsan yake. Na ɗaure buhu da tagwaye, na sa wasu tagwayen a ciki, kowanne na jingina masa sanda a gabansa, haka: yanka "\"Sa'adatu\"". Biro ya zana sunan, da ɗan kunnensa, da tagwayensa gaba da baya, sandunan kuma ba su fito ba. Na ɗora takardar kusa da katin asibitin marigayiyar da Hamani ya kawo, na bi harafi harafi da allura. Sannan na mayar da wuƙa. Da aka gama, abin da ya saura a sitikar bai kai tafin hannu ba.

Ni na je bakin ruwa na manna da kaina, don Hamani da gaggawa zai bar iska a ƙarƙashi. Tun daga ranar babu aikin da wuƙa take taɓawa a shagona sai biro ya riga ta. Injin sai ya maimaita mini saƙo a takarda, kamar yadda na sa Hamani ya yi, kafin in ba shi sitika.

Da hanya ta buɗe, a cikin jirgin nan Hamani ya ɗauko Malam Idirisu. Idon bai dawo ba, sai an riƙe masa hannu. Na je tarbarsa. Bayan gaisuwa bai yarda a wuce da shi gari ba, ya ce a kai shi gaban jirgin. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya ɗora yatsunsa a kan haruffan yana bi a hankali. Ya tsaya a kan ɗan kunnen ya ɗan murza shi. Ya ci gaba har ƙarshe, ya taɓa tagwaye, ya dawo farko ya taɓa ɗayan.

"Hajiya, waɗannan ba su cikin saƙona. Wa ya gaya miki?"

"Mai sayar da buhuna."

Ya daɗe yana murmushi. A shago ya lalubo madannai biyu ya nuna mini, ya ce in an danna su tare bakin tsuntsu yana rufewa ba tare da an yanka komai ba. Bai aiko da wannan ba don yana so in ga abin da buhun ya haɗiye da idona. Ya kuma ce da na kashe kwamfutar tun ranar farko, babu abin da zai same ta, jira take yi ba aiki ba. Hamani ya riƙe kai yana kiran fetur ɗinsa. Malam ya ce shi bai ga asara ba, ya bar amana ya tarar gari guda yana jinyarta.

Na ɗauka ya zo kwashe kayansa ne, har na sa an nemo kwali. Ya ce butarsa da buzunsa kawai zai ɗauka. Injin kuwa, ya ce ya zauna inda aka san darajarsa. Allah ya saka masa, shi da Mama Ngozi da ta koma garinsu, da masuntan da har yau ban san wanne ya ajiye wace kwalba ba.

Takardar buhun simintin da kuke gani a bango, wadda kuke tambaya me ya sa ban yar ba, ita ce. Gobe in kun zo ku bar wayoyinku a aljihu ku tsaya gabanta. Layin ƙarshe nawa ne, ba sai kun tambaya ba. Wanda ya iya gaya mini inda ɗan kunnen layin farko ya tafi, shi zan bari ya ɗaura wuƙa. Sauranku biro.